Idan Aiki Ya Ƙare, Me Ya Yi Saura Na Alkawari?

Wata tambaya da ke yawan zuwa gaban malamai a zaure, wani lokaci ma har ta kai mutane gaban alƙali, ita ce ta abin da ke saura tsakanin ubangida da ma'aikacinsa bayan sun rabu. Alal misali, ga attajiri mai shagon atamfa a Kantin Kwari cikin Kano, ga kuma yaronsa wanda ya shekara 9 yana buɗe masa shago yana rufewa. Yaron nan ya san inda ake saro kaya da yadda ake saro su, ya san baƙin da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram suna ɗaukar kaya bashi, ya san mai biya da kansa, ya san wanda sai an bi shi har gida. Ran nan sai ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina roƙon a yi mini izini in gwada tsayawa da ƙafata." Alhaji ya ce, "Je ka, Allah Ya yi maka albarka." Ba a yi wata 3 ba sai ga yaro ya kama rumfa a layi na gaba, baƙin Alhaji kuwa suka fara ratsewa wurinsa. Alhaji ya ce an ci amanarsa. Yaro ya ce shi yanzu ba ya ƙarƙashin kowa, kuma har yau ko kwabo ba a ba shi na sallama ba.

Kafin a ba ɗayansu gaskiya, wajibi ne a san irin ƙullin da ke tsakaninsu tun farko. Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar mutum aiki da sunan ijara, watau sayen amfanin ƙarfin mutum ko gwanintarsa da lada sananne. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya nuna a cikin Risala cewa ijara tana halatta idan an yanka mata ajali aka kuma ambaci ladan. Hikimar ajalin nan a fili take. Abin da ubangida ya saya shi ne lokacin ma'aikaci da aikinsa na wani ƙayyadadden zamani, bai sayi wuyansa ba. Ƙissar Annabi Musa, aminci ya tabbata a gare shi, cikin Suratul Ƙasasi ta isa hujja. Dattijon Madyana ya ɗauke shi aiki na shekara 8, ya bar masa zaɓin cikawa 10, shi kuwa ya amsa bisa sharaɗin cewa duk wanda ya cika daga ajalin biyu, ba za a ɗora masa ƙari ba. Ibn Abbas ya ce mafi tsawon ya cika. Da ajali ya cika sai ya kwashi iyalinsa ya kama hanya, ba wanda ya tsaya a gabansa. Saboda haka yaron da ya ce shi ba ya ƙarƙashin kowa bai yi ƙarya ba. Umurni da hani sun faɗi daga ranar rabuwa, Alhaji ba shi da ikon aikensa ko da sayen goro ne, sai dai in ya ga dama ya je don girmamawa.

Amma fa warwarewar ƙulli ba ta goge abin da ƙullin ya riga ya haifa. Aure ma, wanda ya fi ijara nauyi nesa ba kusa ba, saki yana yanke shi, duk da haka sauran sadakin da ba a cika ba yana nan a wuyan miji, asirin ɗaki kuma yana nan a wuyan su biyun. Mutuwa kanta ba ta share bashi, gama sai an biya shi kana a raba gado. To, ina ga takardar barin aiki?

Yawanci idan aka ta da wannan magana, wuyan ma'aikaci ake dubawa, ana lissafa abin da bai kamata ya faɗa ba da inda bai kamata ya je ba. Hadisi kuwa wuyan ubangida ya fi dubawa. Buhari ya ruwaito labarin mutum uku daga cikin mutanen da, waɗanda dutse ya toshe wa bakin kogo, kowannensu ya roƙi Allah da wani aiki da ya yi don Shi kaɗai. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki 'yan ƙodago ne ya biya kowa, sai guda ya tafi ya bar ladansa, awon shinkafa kawai, a wata ruwaya kuma dawa. Ga al'adar mutane, magana ta ƙare ke nan, tun da shi ya tafi da ƙafarsa. Mutumin nan bai ga haka ba. Ya shuka awon, ya yi ta juya abin da ya fito har ya zama raƙuma da shanu da tumaki. Bayan zamani mai tsawo ɗan ƙodagon ya dawo yana neman ɗan ladansa, aka nuna masa garke aka ce duk nasa ne, har ya zaci ba'a ake yi masa. Ya kora dukiyarsa bai bar kome ba. Abin lura shi ne, aikin ya ƙare tun shekaru, mai haƙƙi bai aiko ba, ba shaida, ba takarda, amma haƙƙin yana nan da ransa, har yana haihuwa. A cikin Buhari ɗin dai aka ruwaito cewa mutum uku Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana lada.

A nan ne maganar sallama ta shigo. Alhaji yana iya cewa ai bai taɓa furta wa yaron nan alkawarin jari ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Wannan ita ce babbar ɓarakar zaman yaro da ubangida a kasuwannin ƙasar Hausa, a ɗauki yaro ba a yanka ajali ba, ba a ambaci lada ba, ana ganin yin hakan rashin kunya ne. 'Yan kasuwar Ibo na Sabon Gari sun fi kiyaye wannan, domin sukan yanke shekarun hidima tun ranar da aka kawo yaro, a gaban iyayensa. Sai dai shari'a ba ta bar wanda bai yi ciniki ba ya tashi a tutar babu. Ƙa'ida ce sananniya wurin malamai cewa abin da al'ada ta tabbatar yana tsayawa a matsayin abin da aka sharɗanta da baki. Idan kowa a kasuwa ya san yaron da ya daɗe ana sallamarsa da jari, kuma da wannan tsammani ya ba da ƙuruciyarsa, to shirun Alhaji bai kuɓutar da shi ba. In kuwa aka ce ƙullin ɓatacce ne saboda rashin ambaton lada, hukuncin ijara ɓatacciya shi ne a biya ladan misali, watau a tambayi masana kasuwa abin da ake biyan irin wannan yaro a irin wannan aiki, a cire ci da sutura da abin da ya riga ya karɓa, a cika masa saura.

Haka zancen yake game da fensho da garatuti na ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Dokar fensho ta Nijeriya ta 2014 ta aza wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Kuɗin nan lada ne da aka jinkirta biyansa, gumin ma'aikacin ne aka ajiye masa, saboda haka kuskure ne a riƙa ambatonsa kamar wata alfarma. Wanda ya yanke kason ma'aikaci daga albashi bai zuba ba ya ci amana, wanda kuma ya bar tsoho yana jeka-ka-dawo da fayil a hammata alhali akwai abin biya, ya shiga cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kira taurin bashin mawadaci zalunci. Abin mamaki, sau da yawa mai jan ƙafar shi ma ma'aikaci ne, saura shekara kaɗan ya shiga layin.

To, a koma wajen yaron. Abin da ke hannunsa na dukiyar shago, mabuɗi ne, ko littafin bashi, ko wayar da aka saya don ciniki da layin da ke cikinta, wannan ba shi da wuyar hukunci. Suratun Nisa'i ta yi umurni a mai da amana ga masu ita. Masu tarihi sun ambata cewa lokacin Hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Aliyu ɗan Abu Ɗalib a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne suka ƙulla kashe shi. Idan gaba irin wannan ba ta soke ajiya ba, ɓacin ran rabuwa da ubangida ba zai soke ta ba.

Abin da ya fi wuya shi ne amanar da ba ta da jiki, wadda ke cikin kai, ba a iya miƙa ta a ce ga ta. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10. Muslim ya ruwaito cewa wata rana yana wasa da yara sai Manzo ya aike shi wata bukata, ya yi jinkirin komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi abin da aka aike shi, ya ce asiri ne, ita kuwa maimakon ta matsa sai ta gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Hidimar ta ƙare da wafatin Manzo a shekara ta 11 bayan Hijira. Anas ya rayu har wajen shekara ta 93, ya rasu a Basra, watau kimanin shekara 80 bayan ƙarewar aikin. Ya ruwaito hadisai masu yawan gaske, ya ba da labarin zaman gidan da ɗabi'un mai gidan, domin wannan ilmi ne da al'umma ke bukata. Amma aiken nan guda bai fito daga bakinsa ba, har ya gaya wa almajirinsa Sabit cewa da zai faɗa wa wani, da shi zai faɗa wa. Ba takardar da ya sa wa hannu, ba kuma wanda ya rage da zai tuhume shi. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Dalilin dawwamar irin wannan nauyi shi ne, ba daga albashi ya fito ba, daga yarda ya fito. Direba ya ji abin da maigida ya faɗa a bayan mota ne don an saki jiki da shi. 'Yar aikatau ta ga cikin ɗakin uwargida ne don an buɗe mata ƙofa. Haka akawun banki da ya ga asusun mutane, da malamar asibiti da ta ga abin da ke damun majinyaci. Ranar da albashi ya tsaya, cutar da tonon zai jawo ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sa'an nan ya waiwaya, maganar ta zama amana, ke nan ko waiwaye ya isa ya ɗaure mai saurare. Sun kuma ruwaito hani ga mutum ya ha'inci wanda ya ha'ince shi. Malamai sun yi saɓani a kan ko wanda aka danne wa haƙƙi yana iya ɗaukar daidai haƙƙinsa daga dukiyar azzalumin idan ta faɗo hannunsa, amma wannan magana ce ta dukiya wadda ake iya aunawa. Asiri ba shi da mudu. Yaron da ya fita yana shelar bashin da ake bin Alhaji don an hana shi sallama bai karɓi haƙƙinsa ba, ɓarna kawai ya ƙara a kan ɓarna.

Sai dai kada a miƙa igiyar ta wuce inda ta tsaya. Akwai bambanci tsakanin asirin gida da gwanintar hannu. Sanin atamfa mai kyau da taɓawa, da iya magana da baƙo, da sanin lokacin da kasuwa ke tashi, duk sun zama jikin yaron, ba a iya ce masa ya kwance su ya ajiye a bakin ƙofa. Kotunan Ingila sun daɗe suna fama da wannan iyaka. A ƙarshen 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke hukunci a kan wani manajan ciniki na kamfanin sayar da kaji, wanda ya bar aiki ya kafa nasa, yana bin hanyoyin da motocin tsohon kamfaninsa ke bi, yana sayar wa mutanen da suke sayar wa. Kotu ta ce tun da ba a rubuta sharaɗin hani ba, abin da ke binsa bayan barin aiki shi ne asirin sana'a na ainihi kaɗai, sanin masu saye da hanyoyinsu bai kai wannan matsayi ba. Amma tun a 1895 kotunan ƙasar suka hukunta ma'aikacin da ya kwafi jerin sunayen abokan cinikin ubangidansa a ɓoye yana shirin fita. Hankali yana karɓar wannan rarrabewa. Baƙon Maraɗi ɗa ne, ba dukiyar Alhaji ba, yana da ikon ya sayi kaya inda ya ga dama, kuma idan ya bi yaron don ya ji daɗin mu'amalarsa, arzikin yaron ne. Abin da ba shi da kyau shi ne yaro ya fara janye baƙi tun yana cin tuwon shagon, ko ya shiga tsakanin cinikin da ya riga ya kusa faɗawa, wanda hadisi ya hana, Imamu Malik kuma ya fassara hanin a Muwaɗɗa da lokacin da mai saye da mai sayarwa suka riga suka karkata ga juna.

Saura sharaɗin da ake rubutawa, irin wanda kamfanoni ke sa wa a takardar ɗaukar aiki, cewa ma'aikaci ba zai yi wa abokin gasa aiki ba, ko ba zai buɗe irin sana'ar ba, bayan ya tafi. Asali dai Suratul Ma'ida ta buɗe da umurnin cika ƙulle-ƙulle, hadisi kuma ya ɗaure Musulmi da sharuɗɗansu, in ban da sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wanda ya karanta takarda ya sa hannu, ya ci albashi a kanta, ba ya cewa daga baya bai san zancen ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ƙissar Barira ta nuna ba kowane sharaɗi ne ke tsayawa don kawai an yarda da shi ba, gama masu ita sun sa wa Nana A'isha sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah, Manzo kuwa ya hau mumbari ya rushe shi. Malaman Malikiyya suna da wata rarrabewa a babin ciniki wadda ake iya kwatantawa da ita. Sun ce idan aka sayar wa mutum kaya bisa sharaɗin kada ya sayar wa kowa, cinikin ya ɓaci domin an ƙuntata masa, amma idan wani mutum guda ko 'yan kaɗan aka keɓe, babu laifi. Bisa wannan awo, sharaɗi mai iyakar lokaci da iyakar wuri, wanda ke kare wani asiri na haƙiƙa, abin cikawa ne. Wanda kuwa zai hana makaniki ko tela cin abinci da sana'ar da ita kaɗai ya iya, ba iyaka, ba diyya, ya fita daga ijara ya doshi mallaka. Mafi adalci ma shi ne, duk wanda ya ce wa mutum ya naɗe hannu wata 6, ya ciyar da shi wata 6 ɗin, gama zaman ma amfani ne da ya saya.

Dokokin zamani ba su yi nisa da wannan ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da sharaɗin shekara 1 da kamfanin Leventis Motors ya sa wa wani manajansa na sashen kayan gyara, don ta ga bai wuce kima ba. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 ta yarda da irin wannan sharaɗi muddin bai zarce shekara 2 ba. A Amurka kuwa abin ya yi yawa har wani kamfanin sayar da abinci ya riƙa sa wa masu yanka burodi hannu a kan ba za su yi aiki a shago irin nasa na kusa ba har shekara 2, sai a 2016 ya janye bayan hukuma ta sa baki. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayyar ƙasar ta yi doka ta hana yawancin irin waɗannan sharuɗɗa, tana ƙiyasta cewa sun ɗaure ma'aikata wajen miliyan 30, amma a watan Agusta na shekarar wata kotu a Texas ta soke dokar tun ba ta fara aiki ba. Mai yanka burodi dai ba ya ɗauke da wani asiri, tsoron neman ƙarin albashi kawai ake so a dasa masa.

Akwai kuma inda riƙon asiri ke komawa laifi. Idan abin da ma'aikaci ya gani algus ne a abinci, ko jabun magani, ko cin dukiyar marayu, rantsuwar da aka sa shi ya yi ba ta rufe bakinsa a gaban hukuma, domin Suratul Baƙara ta kira mai ɓoye shaida mai zunubin zuciya. Wurin faɗa shi ne gaban wanda zai iya gyarawa, gwargwadon abin da gyaran ke bukata. Majalisar shayi ba ta cikin wannan. Shi ma ubangida yana ɗauke da asirin yaronsa, ya san talaucin gidansu da kurakuran ƙuruciyarsa. In wani ya zo neman shawara zai ɗauki yaron aiki ko zai ba shi kaya bashi, wajibi ne ya faɗi gaskiya, alheri da akasinsa, kada haushin rumfar layi na gaba ya sa ya ƙara gishiri.

Da za a kai maganar Alhaji da yaronsa gaban dattawan kasuwa, ba za su tsaya a kan wanda ya fara ɓata wa wani ba. Za su tambayi yaron ko akwai wata lamba ko shafin littafi da ya kwasa tun yana shagon, da ko ya taɓa gaya wa baƙo farashin da Alhaji ke sarowa. In akwai, ya mayar, ya nemi gafara. Rumfarsa kuwa ba mai tashinta. Sa'an nan za su juya ga Alhaji su ce, "Ranka ya daɗe, shekara 9 ɗin nan, nawa ake sallamar irinsa a layin nan?" A kira mutum biyu da suka san kasuwa su faɗi adadi, a rubuta, a yanka ranar biya.